Hatimin Notari: Shekaru Ake Ƙirgawa ko Sanin Aiki?

  Wannan makon a kan lauyoyi za mu sauka, kuma mun san suna da yawa a cikinmu, wasu yayyenmu ne, wasu ma malamanmu. Don haka tun da wuri a yi mana afuwa, gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Maganar notari ce. Wanda bai taɓa neman tafiya karatu waje ba, ko bai taɓa wakilta wani ya sayar masa da gida yana can Saudiyya ba, mai yiwuwa ko sunan bai taɓa ji ba. Notari lauya ne da Alƙalin Alƙalan Nijeriya ya naɗa domin ya riƙa shaida takardu. Shi zai tabbatar cewa wanda ya sa hannu shi ne da kansa, a gabansa ya sa, cikin hayyacinsa, ba tursasa shi aka yi ba. Shi zai tabbatar cewa kwafin nan daidai yake da takardar asali. Yana kuma rantsar da mai rantsuwa. In ya gama sai ya danna hatiminsa ya rattaba hannu, daga nan takardar ta yi nauyi a kotu da ofisoshin jakadanci. A taƙaice, shaida ne wanda hukuma ta tsaya masa. Ƙorafinmu shi ne hanyar da ake bi a zama wannan shaida a ƙasar nan ba ta auna abin da ya kamata ta auna, sannan ta bar mafi yawan mutanenmu babu mai shaida musu komai.

Bari mu bi hanyar daki-daki. Yaro ya gama sakandare, ya sami gurbin karatun lauya, ya yi shekara 5 a jami'a, in Allah Ya tsare shi daga yajin aiki, don na 2022 kaɗai wata 8 ya cinye. Ya wuce Makarantar Horas da Lauyoyi, ko ta Bwari, ko ta Bagauda, ko ta Yola, ko wata daga cikin sauran, ya yi shekara guda. A rantsar da shi, a sa sunansa a kundin lauyoyi na Kotun Ƙoli. To daga nan ne fa ƙirgen zai fara. Sai ya cika shekara 7 yana lauya, yana biyan kuɗin aiki na kowace shekara a kan kari, kafin wa'adin 31 ga Maris ya wuce. Sannan ya rubuta takardar neman naɗi zuwa ga Alƙalin Alƙalai, a binciki halinsa, in an gamsu ya yi rantsuwa, Babban Magatakardan Kotun Ƙoli ya sa shi a rajistar notari. Ku haɗa lissafin da kanku: 5 da 1 da 7, shekara 13 ke nan, in ba a yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Wanda ya shiga jami'a yana ɗan shekara 18 ba zai riƙe hatimin nan ba sai ya haura 30.

Tsawon tafiyar bai dame mu ba, aikin amana ne, a daɗe ana dubawa. Tambayarmu ita ce, a cikin shekara 13 ɗin nan, ina darasin aikin notari shi kansa? Babu wani kwas na musamman da doka ta wajabta. Babu jarrabawar da za a ce sai ka ci ta kafin a ba ka hatimi. Babu zaman koyo a ƙarƙashin tsohon hannu. Lauyan da ya ƙare shekarunsa 7 a kan shari'ar zaɓe da neman beli, da wanda ya ƙare su a kan takardun filaye da na kamfanoni, duk ɗaya suke a kan sikeli muddin rasit ɗinsu ya cika. Shi kuwa rasit abu ɗaya yake shaidawa, cewa mutum ya biya kuɗi. Ba ya gaya mana ko mai shi ya iya gane katin shaida na jabu. Ba ya gaya mana ko zai lura da tsohon da 'ya'yansa suka riƙo hannunsa suka kawo shi ya "sayar" da gida, alhali ko ranar da ake ciki bai sani ba. Ba ya gaya mana ko yana ajiye littafin da yake rubuta duk takardar da ta bi ta hannunsa, da ranar, da wanda ya zo. Kashin bayan wannan aiki shi ne sanin lokacin da za ka ajiye biro ka ce wa mai kuɗi a'a, kuma wannan koyonsa ake yi.

Sakamakon haka kowa yana ganinsa. Ba duka ba, Allah Ya sani akwai masu tsantseni, amma wa bai ji labarin ofishin da ake tura takarda ta WhatsApp ta dawo da jan hatimi ba, mai takardar ko ƙofar ofishin bai taɓa gani ba? Wa bai ji inda hatimin yake kwana a durowar akawu, maigida yana kotu, akawu yana dannawa yana karɓar kuɗi? Takardar tana cewa "a gabana", alhali babu gaban da aka je. In da talaka ne ya yi haka a gaban alƙali, sunan abin shaidar zur.

Turawan Ingila da muka gaji wannan tsari a hannunsu ba haka suke yi ba. Dokarmu ta farko ta notari ta 1936 ce, tasu ce suka kawo. A can, tun 1533 ofishin Babban Limamin Cocin Kantabari ne ke naɗa notari, kuma ko da kai gogaggen lauya ne sai ka koma ka yi kwas na shekara 2 a kan aikin notari kaɗai, wanda ake yi a jami'ar UCL ta Landan, sannan ka yi wasu shekarun wani babba yana duba aikinka. Amurka kuma ta bi ta wata hanyar. A mafi yawan jihohinta ba sai ka zama lauya ba. A Kalifoniya, in ka kai shekara 18, ka yi darasin awa 6, ka ci jarrabawa, aka binciki tarihinka, ka ajiye takardar lamuni saboda ɓarnar da ka iya biyo baya, za a ba ka hatimi, kuma dole ka riƙe littafin rajista. Shi ya sa a can a banki ko shagon aika saƙo ma sai ka tarar da notari. Ingila ta tsaurara amma ta koyar. Amurka ta sassauta amma ta yawaita su ta ɗaure su da littafi. Mu kuwa mun ɗauko tsaurin Ingila mun baro karatunta a can.

A 2023 an soke tsohuwar dokar an kawo sabuwa, kuma an yi ta murna. Yanzu notari zai iya shaida takarda ta intanet, ya ga mutum ta bidiyo, ya sa hannu da hatimi na kwamfuta. Madalla, ɗan uwanmu da ke Dubai ko Landan ya huta. Ɗalibin da zai tafi Masar ko Indiya ko Malesiya, wanda dama sai ya bi ta notari, ya bi ta Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje a Abuja, sannan ya je ofishin jakadanci, shi ma an rage masa zango ɗaya. Amma ƙofar shiga tana nan yadda Bature ya bar ta: lauya, lauya kaɗai. An gyara wa mai fasfo hanya, ba a waiwayi mai gona ba.

To shi mai gonar wa ke rubuta masa? A nan muke so mu ɗan daɗe.

Ku shiga Dawanau ko Kantin Kwari ko Singa ku ga dukiyar da ke sauya hannu a yini guda da fatar baki. A ba mutum miliyoyi ya juya a raba riba, babu rubutu, in an matsa a ce ai akwai amana, ai tare muke salla. A ƙauye a jinginar da gona, a yago takarda daga littafin ɗan firamare, a rubuta layi biyar, a dangwala yatsa, mai unguwa ya buga tambari in yana da shi. Bayan shekara 20 mai unguwa ya rasu, shaidu biyun ɗaya ya rasu ɗaya ya ƙaura, takardar gara ta ci rabinta, kuma babu kwafinta a ko'ina a duniya. Ranar da magada suka tashi, matar mamacin ce za ta tsaya gaban alƙali da guntun takarda a ƙullin zani. Duk wanda ya taɓa zama a bencin kotun shari'a ya san gado da filaye da bashi su ne abincin kullum, kuma 'yan uwa nawa ne suka daina gaisawa a kan abin da rubutun rabin awa zai kashe tun ran gini.

Wani zai ce ai ba sai an je wajen notari ba, akwai kwamishinan rantsuwa a kowace kotu. Gaskiya ne akwai. Amma shi rantsuwa yake karɓa, ba ya zama ya saurari cinikinku ya tsara muku shi. Kuma mun san yadda ake yin takardar rantsuwar a wurare da yawa. Tun daga bakin ƙofa 'yan kamasho za su tare ka, a kai ka shagon kwamfuta, a buɗe tsohuwar takardar wani a goge sunansa a sa naka, a shiga da ita a fito da tambari. Dokar Shaida ta ce in mai rantsuwa bai iya karatu ba, ko makaho ne, sai an karanta masa an fassara masa, an kuma rubuta a jikin takardar cewa an yi hakan. Fisabilillahi, sau nawa kuka taɓa ganin an zaunar da tsohuwa an karanta mata?

Wannan matsala ta harshe ba yau ta fara ba. A 1962 an yi wata shari'a tsakanin kamfanin PZ da wasu 'yan kasuwarmu biyu. Ɗaya daga cikinsu ya tsaya wa ɗan uwansa lamuni a kan takardar Turanci, shi kuwa Larabci ya iya karantawa, bai iya Turanci ba. Ya nemi dokar kare marasa karatu ta kare shi, sai Kotun Ƙoli ta lokacin ta ce tunda ya iya karanta Larabci ai ba ya cikin marasa karatu. Wato iliminsa ne ya zame masa tarko. Daga baya kotuna sun karkata ga cewa harshen da aka rubuta takardar da shi ne abin dubawa, amma ku duba yadda tsarin yake kallon mutumin da ya sauke Alƙur'ani yana rubuta ajami kamar ruwa: ko dai jahili ne, ko kuma mai ilimin da ba za a tausaya masa ba. Har gobe babu wanda ke tambayar mai neman hatimin notari ko ya iya bayyana yarjejeniya da harshen mutanen garin da ya buɗe ofis.

Ga kuma inda abin ya fi ciwo. Sashe na 22 na Dokar Lauyoyi ya haramta wa wanda ba lauya ba ya rubuta takardar da ta shafi fili ko gida don a biya shi. Ke nan malamin da ke zaure yana rubuta wa mutane takardar cinikin fili ana ba shi na goro, a idon doka laifi yake yi. Lauyan da doka ta yarda da shi kuma yana can babban birnin jiha, a bene, kuɗin ganinsa ya fi kuɗin hayar gonar. An hana wanda ke kusa, ba a kawo wanda ke nesa ba.

Kada wani ya ce mana wannan aiki baƙo ne a wurinmu, wai abin Nasara ne. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, da marubucin da zai rubuta da adalci, da shaidu. Malaman Malikiyya sun mayar da rubuta yarjejeniya fanni mai zaman kansa, ilimin wasiƙoƙi da sharuɗɗa. Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, da alƙalanmu suka tashi a kanta, cike take da hukuncin shaida da shaidu. Wansharisi, wanda ya rasu a 1508, littafi guda ya wallafa a kan ladubban marubucin yarjejeniya. A Maroko har yau wannan sana'a tana raye. Ana kiran masu ita udul, ta hanyar jarrabawa da horo ake shiga, su biyu suke karɓar shaida, alƙali ya tabbatar da abin da suka rubuta, kuma tun 2018 aka buɗe wa mata ƙofa. Kusa da mu ma, a Nijar da ta gaji tsarin Faransa, notari sana'a ce daban da ta lauya mai tsayawa a kotu, kuma asalin takardar a ofishinsa take zama, kwafi ake ba ka. Ɗan kasuwar Maraɗi da ke sauke kaya a Kano ya san wannan bambanci sarai. Mu ne muke da aya, muke da littattafai, muka kasa gina ko da rumfa a kansu.

Kuma ilimin da aikin ke bukata a garuruwanmu, sau da yawa ba shi ne wanda ake tarawa a shekara 7 na zaryar babbar kotu ba. Misali, uba ya ce ya ba 'yarsa kyautar gida. A fiƙihun Malikiyya, in ba ta karɓi gidan ya shiga hannunta ba har uban ya rasu, kyautar ta rushe, gida ya koma gado. A danna wa takardar jan hatimi goma, ba zai hana ba. Ko mutum ya zo yin wasiyya ya ce rabin dukiyarsa ga wane, ko ya yi wa ɗaya daga cikin magada, alhali wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji sai in sauran sun yarda. Marubucin da ya san wannan zai dakatar da shi tun yana numfashi, ya nuna masa yadda za a yi abin ya tsaya. Su wa ke karanta wannan? Ɗaliban Kwalejin Shari'a ta Aminu Kano, da ta A.D. Rufa'i da ke Misau, da ta Mohammed Goni a Maiduguri, da ta Ringim, da masu difloma daga Kongo a Zariya. Kowace shekara ana yaye su, sun karanta dokar ƙasa sun karanta shari'a, suna jin Hausa da Larabci da Turanci, wasu har Fulatanci ko Barbarci. Wanda ya sami gurbi ya wuce jami'a, wanda ya sami hanya ya zama akawun kotu, sauran kuwa ga su nan a rumfar POS.

Abin da muke nema bai da wuyar faɗa. Shi notari na Kotun Ƙoli a bar wa lauyoyi kayansu, ba mu ce a ba ɗan difloma ikon shaida takardar da za ta ƙetare teku ba. Sai dai a sa masa karatu da jarrabawa, a wajabta masa littafin rajista da za a iya zuwa a duba, kuma wanda aka kama ya bar hatimi a durowar akawu a cire sunansa kowa ya ji. A ƙarƙashinsa kuma a buɗe wani mataki na marubutan yarjejeniya masu lasisi, a kowace ƙaramar hukuma, a ƙarƙashin kulawar Babban Jojin jiha da Girandi Ƙadi. A horas da su, a gwada su, a ƙayyade musu kuɗin da za su karɓa a liƙa a bango, a iyakance musu irin takardun da za su taɓa. Su rubuta da harshen da masu cinikin ke ji, su karanta musu a gaban shaidu, kwafi ɗaya ya tafi rajistar kotu mafi kusa. Wannan yana bukatar a taɓa sashe na 22, kuma aikin Majalisar Tarayya ne, to amma ai muna da wakilai a can, ba rabon babura kaɗai muka tura su yi ba.

Mun san amsar da za ta fara zuwa: in aka buɗe ƙofa, jabu zai yi yawa. Yallaɓai, jabu yana nan cike da gari, bambancin kawai shi ne mai yin sa yanzu ba shi da lasisin da za a ƙwace, ba shi da lambar da za a bi, ba shi da littafin da za a buɗe. Ɗan kamasho ba ya tsoron a cire shi daga rajista domin ba ya cikin kowace rajista. Akwai dai haɗari na gaske da ba za mu ɓoye ba, shi ne mutane su ɗauka mai lasisin nan lauya ne, ko su ɗauka hatimi yana mayar da filin sata halal. A Amurka ma baƙi da yawa sun faɗa hannun masu hatimi da ke yi musu sojan gona da sunan lauya. Hatimi ba ya maye gurbin izinin gwamna da Dokar Filaye ta 1978 ta shar'anta, ba ya kuma tabbatar da cewa mai sayarwa shi ne mai fili. Maganin wannan shi ne a rubuta iyakar aikin ɓaro-ɓaro a hukunta wanda ya tsallake, ba a bar miliyoyin mutane da takardar littafin firamare ba.

Wasu kuma za su ce ai 'yan difloma ne ke nema wa kansu abinci. To da yawanmu a nan 'yan difloma ne, na foliteknik da na kwaleji, ba ma kunyar faɗa, kuma neman halal ba abin kunya ba ne. Amma in za a yi maganar abinci a yi ta duka. Shi wanda ya kafe cewa takardar jinginar gonar kadada ɗaya a wani ƙauyen Gumel sai lauya, alhali ya san ba zai taɓa zuwa can ba ko an aika masa mota, abincin wa yake karewa? Kun hana kanku, kun hana wani, gona kuma kullum jinginar da ita ake yi.

Yayyenmu lauyoyi da ke wannan zaure, musamman masu riƙe da hatimin, ga fili nan a ƙasa. Abu biyu muke roƙo ku gaya mana. Ranar da aka rantsar da ku a matsayin notari, wa ya zaunar da ku ya koya muku aikin, kuma na kwana nawa? Sannan a ƙaramar hukumar da aka haife ku, ba inda kuke da ofis ba, in tsohuwa tana son a rubuta mata cewa ta ba jikarta ɗakinta, ƙofar wa za ta ƙwanƙwasa, kuma nawa ne kuɗin motar?